Hayaƙin Bakwai da Rabi

Tudun Makera,
Talata, 12 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya. Yaya gwiwar nan da ke damunka idan sanyi ya shigo? Yaya aikin kaka da mutanen inji? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Na san za ka yi mamakin takarda daga wadda tsakanin gidanta da naka bai fi tafiyar minti goma ba. Ni ce 'yar fari. Ban taɓa jin sunana a bakinka ba, ni ma ban taɓa iya ɗaga ido na yi maka doguwar magana ba. Sau biyu ina zuwa da maganar nan, in durƙusa, in gaishe ka, in tashi da abata. Shi ya sa na rubuta na ba Inna. Don Allah ka sa tabarau ka karanta da kanka.

Maganar tsibin ɓuntun nan ce da ke bayan injinka na casar shinkafa, wanda katanga ɗaya ta raba da makarantarmu. Kowa ya san kai ka ba da filin aka gina firamare, kuma tun daga lokacin ka hana a cinna wa ɓuntu wuta da rana. Ka ce a riƙa kunnawa bayan sallar asuba, don hayaƙin ya watse kafin yara su fito. Dominsu ka yi, na sani.

Baba, ba ya watsewa. Da rana, in ƙasa ta ɗauki zafi, hayaƙi sama yake yi. Amma da safiyar sanyi kwanciya yake, ya bi gefen kanal ɗin ruwan noman rani, ya tsallako katanga, ya zauna a filin da muke jera yara da ƙarfe bakwai da rabi. Mu malamai a kan baranda muke tsayawa, warinsa kawai muke ji. Su kuwa a cikinsa suke, daidai hancinsu.

Ajina yara hamsin da biyu ne. Tun da aka fara casar bana nake sa alama a gefen rajista. Goma sha tara suna tari. Shida, in sun ja numfashi, ƙirjinsu ƙara yake kamar usur. Iyaye suna cewa sanyi ne. Bara ma haka muka ce.

Cikin shidan nan har da jikarka Muhsina. Amaryar taka ba za ta gaya maka ba, wai kada ka ce ta zama raguwa ka sake ta. Jiya sau uku tana tsayawa a hanya tana haki. Da na ce zan kai ƙararta wurinka, cewa ta yi ita ma ta gaji da ango mai ƙaurin ƙanzo. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, har sai da na zaunar da ita a kan kwalbati. Ubanta Iliyasu yana hanyar Legas da mota, ni kaɗai nake ganin wannan, kuma tsoro nake ji.

Ban ce ka rufe inji ba, na san gidajen da ke ci daga gare shi. Wutar kawai nake roƙo. Masu kiwon kaji na Garun Mallam suna neman ɓuntu ɗanye don shimfiɗa, za su kwashe da kansu.

In na yi rashin kunya ka yafe mini. A gaida mutanen gida.

'Yarka,
Halimatu Sa'adiyya.

Asibiti, Kura,
Litinin, 18 ga Nuwamba.

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce.

Inna ta kawo mini amsarka tun ranar Alhamis: cewa shekara goma sha ɗaya ana wutar nan ba wanda ya mutu, cewa masu albasa suna jiran tokar don gadajen irinsu, kuma da kanka ka duba tsibin da hantsi ba ka ga wuta ba. Ta kawo rigar sanyi da kwalbar zumar da ka aiko wa amaryarka. Ta gode. Da rigar a jikinta ta faɗi.

Yau da safe ana tsakiyar taken ƙasa na hango layin 'yan aji uku ya karkace. Da na isa tana durƙushe, ta dafa ƙasa da hannu biyu, bakinta a buɗe. Ba ta tari, ba ta kuka. Da ma tarin ne, Baba. Ramin wuyanta ne kawai ke shiga yana fita, leɓenta ya koma launin toka. Ta dube ni tana son ta ce Umma, iskar faɗin hakan babu.

Malama Joanna, mai aji biyu, ita ta tare mana a-daidaita-sahun da ya ɗauko albasa, ta sa aka sauke buhunan a bakin titi. Ina riƙe da Muhsina a zaune, don in na kwantar da ita abin ƙaruwa yake. Na sha zuwa Kura, ban taɓa sanin da nisa ba sai yau. Duk inda muka faɗa rami sai na kai kunnena bakinta.

Yanzu an rufa mata robar iska a hanci da baki. Likita ya ce asma ce, kuma hayaƙi ke tayar da ita. Ya tambaye ni ko da icce muke girki a ɗaki, ko akwai mai shan taba a gidan. Na ce a'a. Ya ce to a ina yarinya take shaƙar wannan abu? Na kasa kiran sunanka. Ya ce in ta koma inda ta samo shi zai sake tashi, kuma ba kullum ake samun mota a kusa ba.

Sauran biyar ɗin suna can. Gobe za a sake jera su. Akwai Sabina, 'yar Nicholas mai gyaran injin ban-ruwa, wadda ƙarar ƙirjinta ta fi ta Muhsina, ga shi uwarta tana gona tun da sassafe.

Abu ɗaya nake roƙo, ba gardama ba. Gobe kada ka je da hantsi. Ka je da bakwai da rabi. Kada ka hau baranda wurin hedimasta, ko ya kawo maka kujera. Ka shiga layin 'yan aji ɗaya, ka tsuguna har kanka ya yi daidai da nasu, ka zauna haka har a gama taken ƙasa. Na san gwiwarka. In ka tashi ka ce sanyi ne, ba zan ƙara rubuto maka ba.

Ka sa ta a addu'a.

'Yarka,
Halimatu Sa'adiyya.

Asibiti, Kura,
Juma'a, 22 ga Nuwamba.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Barka da Juma'a. Yaya jiki, yaya gwiwa? Inna ta ce kwana biyu ba ka cin abinci sosai.

Malama Joanna ta zo dubiya ta ba ni labari. Ta ce ka ƙi kujerar hedimasta Malam Mudassiru, ka ratsa cikin yara da babbar riga ka tsuguna. Ta ce ba a kai rabin taken ba tari ya sarƙe ka har hularka ta faɗi, yara suka ƙyalƙyale da dariya, kai kuwa ba ka tashi ba sai da aka gama. Ta ce da ka miƙe idanunka na zubar da ruwa, kowa ya ce hayaƙi ne.

Ta ce daga nan ka kira Nicholas, aka ja injin ban-ruwa biyu daga kanal, ka sa aka sallami yara gida kafin a tone tsibin. Da aka sa shebur, sai ga cikinsa jawur har ƙasa, inda da hantsi ba a ganin komai sai baƙar toka. Kwana biyu ana zuba masa ruwa. Ta ce kai da kanka ka sa aka kawo Sabina aka duba ta, ita ma an ba ta maganin shaƙa irin na Muhsina.

Na gode, Baba. Ban san yadda ake faɗin wannan ba, ko a takarda.

An cire wa Muhsina robar iska shekaranjiya. Tana cin abinci, tana magana, sai dai takan tsaya a tsakiyar zance ta huta. Likita bai ce ta warke ba. Ya ce abin zai iya bin ta shekaru, kuma duk inda za ta, abin shaƙarta na aljihu. Har yanzu in ta yi shiru sai na leƙa fuskarta. Ban san ranar da zan daina ba.

Inna ta ce sau biyu kana hawa babur za ka taho, ka kai bakin titi ka juya. Na san abin da ke mayar da kai. Ni ban gaya wa Muhsina daga ina hayaƙin yake ba, ita ma ba ta tambaya ba. Abin da take tambaya ɗaya ne: kowa ya zo, har mai a-daidaita-sahu, ina angon? Ta ce in rubuta maka cewa in Lahadi ta wuce ba ta gan ka ba, auren ya mutu, kuma ba za ta mayar da zumar ba.

Ana shiga dubiya daga ƙarfe huɗu. Gado na uku ne daga ƙofa. Ka zo, Baba. Sai dai ka yi wanka ka sauya riga kafin ka taho, har hular. Malamar jinya ta ce ko warin hayaƙin a jikin tufafi kada ya kusance ta, kuma na san in ta gan ka, ƙirjinka za ta faɗa.

Tana gaishe ka, ni ma haka.

'Yarka,
Halimatu Sa'adiyya.