A Buɗe Akwatin Safar Hannu

Zuwa ga Likita Bature, mai zagayen duba ɗakunan shan magani na karkarar Haɗeja.

Ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma bazarar nan ba ta gasa ka fiye da yadda take gasa mu ba.

Bayan haka, ni ne Jibo Baduku, mazaunin garin nan na bakin kogi a kan hanyar Guri, inda aka gina mana ɗakin magani mai rufin kwano. Ba ka san sunana ba, amma ka taɓa ganina. Ni ne tsohon da jakinsa ya kafe a tsakiyar hanya ranar da ka zo, har direbanka ya sauko ya taya ni turawa. Kakannina makiyaya ne, sun bar wa wasu shanu, ni suka bar mini fata, da ita nake ci. Bokona kuwa na ajin manya ne, na fito da takardar shaida wadda nake kyautata zaton malamin ya ba ni don ya huta. Saboda haka in ka ga harafi ya kwanta inda ya kamata ya tsaya, ka ɗaga shi, tsufa ne. Na aika wannan ta jarida domin saƙon baki da na ba masinja ban ji ya iso ba. In tafinta ne zai karanta maka, ina roƙonsa ya bar ɗacin yadda yake, kada ya zuba masa zuma.

Ina da ɗa, diresa ne a ɗakin maganin nan, mai wanke gyambo da ɗaure rauni. Ɗan fari ne, don haka ba na kama sunansa, mu nan ba ma yi. Tun yana goye "yaron nan" nake ce masa, da ya sami aiki na koma ce masa Diresa, har gari ya ɗauka. Uwarsa ta rasu, ƙanwarsa tana aure a Birniwa. Gidan daga ni sai shi sai jakin da ka sani. A kan yaron nake wannan rubutu.

Na farko. Da bazara ta kama, sanƙarau ya shigo mana. Aka kafa rumfunan zana a kan tudu, ƙetaren wani reshen kogi da ya ƙafe ya zama yashi, aka ce duk wanda wuyansa ya sanƙare a kai shi can. Diresa biyu aka tura, nawa da abokinsa Isa, mutumin Kaugama. Su ke tallafe kan mara lafiya su ɗura masa ƙwaya, su ke kwashe amai, su ke juya wanda ya kasa juyawa yana yi musu tari a fuska. Yaron nan ya gaya mini cewa a inda aka koya musu aiki an ce cutar a numfashi take tafiya, kuma ba a shiga irin wannan wuri sai da ƙyalle a hanci da baki, da safar roba a hannu, da rigar sama wadda ake cirewa a dafa. Na tambaye shi ina nasa kayan, ya ce suna nan. Na ce a ina, ya ce a akwati.

Isa yaro ne mai fara'a. Shi kaɗai ne a garin nan yake dariyar labarin da nake bayarwa na wani kada ko da ya riga ya haddace shi. Ya kwanta ranar kasuwa, kafin kasuwa ta zagayo an kai shi makwanci. Ban ce ƙyalle yana hana ajali ba, ni Musulmi ne. Amma ku da kanku kuka ce a ɗaura, kuma ku kuka aiko da shi.

Na biyu. Akwatin na ƙarfe ne, baƙi, yana ƙuryar ɗakin magani. Ka san shi, don duk zuwanka sai an buɗe maka. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ake yi kafin ka iso da bayan ka juya. Labarin zuwanka yakan riga ka. A share hanya, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, a buɗe akwati a raba kaya. Zuwanka na ƙarshe, kafin cutar ta yi ƙarfi, na je kallo. Na tarar da mutane a jere farare fat, fuska a rufe, hannu a safa, kamar yanzu aka sauke su daga jirgin ƙasa. Na rasa wanne ne nawa. Na zaɓi wanda ya fi tsayuwa da kyau, na raɓe kusa da shi ina yi masa kallon alfahari ta wutsiyar ido don kada a ce na nuna. Ashe mai shara ne, an sa masa kayan don layi ya cika.

Ka duba, ka ƙirga, ka gyaɗa kai, ka shiga mota. Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba aka ce kowa ya tuɓe. Aka barbaɗa wa safa hoda, aka ninke riguna, aka kulle. Da idona na gani. Mu ma haka muke yi wa rigar Salla, amma mu ba mu taɓa cewa rigar Salla tana tare cuta ba.

Na uku. Kada ka ɗauka ƙarar malamin da ke shugabantar ɗakin na kawo. Mutumin kirki ne, tsoro ne dai ya yi masa yawa. Mabuɗin yana rataye a wuyansa cikin ɗan kube na jar fata, wanda ni na ɗinka masa har da tuntu, ban san abin da nake yi wa sutura ba. Bayan rasuwar Isa na same shi, na durƙusa, ga shi sa'an ƙanena. Ya ce wanda ya riƙe wurin kafin shi an taɓa samun safa yagaggiya a hannunsa ranar dubawa, aka ce ya yi wasa da kayan gwamnati, aka wanke shi tas a gaban yaransa, aka ɗauke shi daga garin. Tun daga nan kowa ya gane karatun. Safar da aka sa tana yagewa, wadda aka kulle ba ta yagewa.

Ya ƙara da cewa mutanenmu suna jin haushi in yaro ya toshe hanci a gaban dattijo mara lafiya, sai su ce ƙyamarsu ake yi. Wannan gaskiya ne, ni ma da a ce ni aka yi wa, sai an ji bakina a kasuwa. Amma wanda sanƙarau ya kayar ko ɗan cikinsa ba ya ganewa, balle ya tsaya duba hancin diresa. Masu jinya kuwa, in liman ya yi musu bayani sau ɗaya bayan sallar Juma'a za su haƙura. Na yi magana da limamin, ya ce zai yi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ka gafarce ni, ni a ganina matsalar tana cikin tambayar da kake yi. Kana tambayar abin da ke cikin akwati, su kuma suna ba ka amsa daidai.

Na huɗu, don kada ka ce tsoho ya zauna yana ƙorafi bai taɓuka komai ba. Na ce ai rufe abu da fata sana'ata ce. Na zaɓi fatar akuya mai laushi, na auna da hannuna na ƙara tsawo, don yatsunsa irin na uwarsa ne, dogaye. Na ɗinka safa mai yatsu biyar-biyar, abin da ban ji wani baduku ya taɓa yi a garin nan ba, har na fara tunanin ko za a kira ni Kano a ba ni lamba. Na kai masa. Ya ce doka ce duk abin da ya taɓa mara lafiya sai an dafa shi. Ya yi aiki da ita yini ɗaya, ya jefa a tukunya. Abin da ya fito ko hannun jariri ba zai shiga ba, ta ƙanƙance ta murɗe ta zama ganda. Ya soke ɗaya a tsinke ya ɗaga mini daga ƙetaren yashin, ɗayar kuwa kare ya riga ya yanke mata hukunci. Ranar kaɗai na ji dariyarsa tun da Isa ya rasu, don haka ban ce fatar ta tafi a banza ba. Hancin kuwa, wani yankin tsohon rawanina yake naɗawa. Guda ɗaya ne. In ya dafa ya shanya aka kawo wani a kan amuku, gadon ɗaukar mara lafiya, haka nan yake shiga.

Na biyar, wannan nawa ne ni kaɗai, in ka ga dama ka tsallake. Tun ranar da aka binne Isa yaron nan bai taka gidanmu ba. Ya ce ba zai kwaso a hancinsa ya kawo wa tsoho ba. A rumfa yake kwana, gefen marasa lafiya. Maƙwabciyata takan tuƙa mana tuwo, in ɗauka da la'asar in kai gindin wata giginya a bakin yashin, in ajiye in ja da baya, shi kuma ya zo ya ɗauka ya koma. Daga nan sai mu gaisa da ihu. Ga shi kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki. Ka taɓa gwada ba da labarin ban dariya da ihu, ranka ya daɗe? Kafin ƙarshensa ya ƙetare yashin ya mutu a hanya. Sai in ga ya ɗaga hannu alamar ya ji, alhali na san bai ji ba.

A gari kuma an san inda nake zuwa kullum, don haka tabarmar ƙofar gidana ta yi fili. Ina da aboki, Bukar, Babarbare, shekara da shekaru muna dara. Bai taɓa wucewa bai ce mini bawansa ba, ni ma ban taɓa barinsa ya tafi da ita ba. Kwanan baya ya tsaya daga can nesa ya gaishe ni da ladabi, har da tambayar gajiya. Babarbare ya gaida Bafillace da ladabi! Ranar na san abin ya kai inda ya kai. Ban ga laifinsa ba, yana da jikoki. Yanzu ni kaɗai nake darata, ina yi wa kaina maguɗi, kuma duk da haka ana cinye ni. Labaraina jaki nake ba, shi ma ya fara juya mini baya.

Jiya da na kai tuwo na ga yaron nan ya kai hannu ƙeyarsa yana murzawa. Na yi ihu na tambaya, ya ce rana ce. Wataƙila ranar ce. Ni dai da na koma gida tuwona bai shiga ba, jaki ya samu.

Ana ce mini in yi haƙuri, da ruwan farko ya sauka sanƙarau zai tafi. Kullum ina duba gabas, ko gizagizan kirki babu. Kuma in ruwan ya zo kogi zai cika, hanya ta yanke, motarka ba za ta sake ganinmu ba sai kaka, ga masu gyambo da masu kurkunu suna jiran hannun nan dai da ba safa.

Ga abin da nake roƙo.

Ka aiko da izini a buɗe akwatin nan yanzu, ko da mai keke ne, ba sai an jira zuwanka ba. Malamin ba zai buɗe da maganata ba, da taka zai buɗe.

In za ka zo, ka zo ba sanarwa. Kada ka tsaya inda aka shafa farar ƙasa, ka sa direba ya bi ta yashin ya kai ka rumfuna, ka dubi hannuwan mutane da fuskokinsu.

Ka sauya tambaya. Ka ce a nuna maka safar da ta yage da ƙyallen da ya koɗe da dafuwa. Wanda ya kawo maka su ka yaba masa ka ba shi sababbi, wanda ya nuna maka kaya fes kamar ranar da aka kawo su, shi za ka zaunar ka yi wa tambayoyi. Amma malaminmu kada a taɓa shi, abin da aka koya masa ya yi.

A turo wani a madadin Isa, da kayansa a jikinsa, don nawa ya sami sararin da zai yi wanka, ya huta iya kwanakin da kuka ga sun isa, ya dawo gida mu ci tuwo a akushi ɗaya. Ina da labarai da na tara masa, suna ta lalacewa.

Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya kai ka ƙasarku ka tarar da naka tsohon a ƙofar gida yana jiranka, ku gaisa hannu da hannu.

Saura abu ɗaya. In ka je rumfunan ka ce Diresa, wataƙila a nuna maka wani, kamar yadda ni ma na taɓa yi wa mai shara kallon ɗa. Ba na so a yi kuskure. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa faɗinsa ba, ko a gaban uwarsa. Na daɗe riƙe da alƙalamin nan kafin in yarda, mutanen gari kuma in an karanta musu za su sami abin yi mini dariya har in mutu, su yi.

Sunansa Adamu. Dogo ne, da yankin rawani a hanci. In ka kira zai amsa.

Wassalam.

Jibo Baduku, uban Diresa.