Ta rage lambar awo da sunana

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, mu biyu ke awon ciki, ni da ƙawata da muka yi makaranta tare, kwano ɗaya muke ci. Bara aka kawo mana kwamfutar hannu wadda likitoci masu bincike suka zuba abin da suka gano a ciki. In an auna jinin mai ciki aka shigar da lamba, in ya hau sai fuskar kwamfutar ta yi ja, ta ce a tura mai cikin babban asibiti. Ni aka tura horo, da sunana da fasuwod ɗina take buɗewa.

Da babana ya rasu na tafi Dogon Daji zaman makoki, na bar wa ƙawata fasuwod. Lokacin girbin gero ne, duk wadda aka ce a tura, sai mijinta ya zo yana faɗa wai ba mai barin gona ya ɗauki mace a mashin. Ƙawar tawa kuma ba ta son hayaniya, in ja ya fito sai ta goge, ta rage lambar har ya koma kore. Wata mai cikin fari da ta rage wa lamba ta yi jijjiga a gida, ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Da na dawo na tsare ta, ta yi kuka ta amsa, sannan ta ce ai ba wanda ya gani, kuma sunana ne a jiki ba nata ba. Wallahi wannan maganar ta fi komai ƙona ni.

Ran Litinin masu duba aikinmu za su zo bincike. Ba da fasuwod ma laifi ne, in na tona mu biyu za a iya kora. Mahaifiyarta ta zo har gida tana cewa ɗiyata ki rufa mata asiri, a ce na'ura ce ta yi kuskure. To matan ƙauyen sun riga sun fara cewa na'urar ƙarya take, jiya mutum uku kacal suka zo awo, kuma na san masu hawan jinin da ke zaune a gida.

In faɗi gaskiya ko in yi shiru?