Tunkiyar jikata ko takardar kamfanin wuta?

Na samu jika! Mace ce, matar ɗana Fatawu ta sauka lafiya ranar Talata. Ki gafarce ni Hajiya, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar suna, domin murnar ta zo da abin da ya hana ni sakat.

A gidanmu, tun muna Bawku, kaka ne ke ba jikan fari tunkiya ranar suna. Tana haihuwa, yaro yana girma. 'Ya'yan tawa tunkiyar aka sayar aka saya mini keken ɗinkin da na zo da shi Accra. To ina zan ɗaure tunkiya a Maamobi, inda ko igiyar shanya sai an jira maƙwabci ya kwashe nasa?

Ina cikin wannan tunani sai talla ya faɗo mini a waya. Wani kamfani ne wai yana gina gonar sola a arewa don a huta da ɗauke wuta. Suna sayar da wata takarda mai suna bon, ka biya ta momo, wato asusun kuɗi na waya, duk wata uku su turo riba mai tsoka. Na ce ai ga tunkiyar zamani, ba ci ba sha.

Hajiya, da kaina na karanta tallan, da Turanci. Da furfurata na shiga makarantar yamma a Nima, ina zama benci ɗaya da yaran kanikawa. Shi ya sa abin da Fatawu ya yi mini ya ƙona mini rai. Da ya dawo daga shagonsa a Abossey Okai na nuna masa, bai ko duba ba ya ce ɓarayi ne, in kawo wayar ya karanta mini. A gaban surukata! Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Alhali abokina Saaka ya saya, har an turo masa ribar farko, na gani da idona.

Kuɗin ba ni da su sai na sayar da babban kekena na surfani, wanda shi ke ci da ni da tsohuwata. Wani a Tudu ya taya. A tallan akwai agogo yana ƙirgawa, wai ranar Lahadi za a rufe. Kuma bakina ya riga ni: na gaya wa Issah mai riƙe lasifika a taron suna ya sanar cewa kakan yarinya ya ba ta rabo a kamfanin wuta, shi kuwa ya baza wa duk unguwa. Akwai ƙananan rubutu a ƙasan tallan da ban gane ba, kunya ta hana ni tambaya. Wani lokacin ma zuciyata na cewa anya ribar nan halal ce?

In sayar da keken ko in bari? Ko yaya ta kasance, ke da masu karatu ku zo ranar Talata bayan masallacin layinmu ku ga amaryata. Akwai waakye, shinkafa da wakenmu na Ghana.

Sabon Kaka, Maamobi

Baba, barka da arziki, Allah ya raya. Kada ka sayar da keken.

Bon ba rabo ba ne a kamfani. Bashi ne kake ba su, su yi maka alkawarin biya. Idan kamfanin ya karye, jikarka ba ta da ko falle ɗaya na sola. Ban ce kowane kamfanin wuta mai neman rance ɓarawo ne ba, akwai na gaske. Amma na gaske ta hannun dillali mai lasisi suke sayarwa, da takardun da hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari ta duba, ba sa kafa wa mutum agogo, ba sa karɓar kuɗi a lambar momo ta wani. Kira hukumar ka ba su sunan kamfanin. Ribar farko da Saaka ya samu ba shaida ba ce, da hatsi ake kiran kaza. Batun halal kuwa, ƙayyadadden ƙari a kan bashi ne, ka kai wa limaminku.

Ba ka rasa ɗan'uwa a Bawku da zai saya wa yarinya tunkiya ya riƙe mata, ya turo hoto. Wannan ba ya buƙatar kekenka. Ka je wajen Issah yau ka canza sanarwar. Surutun unguwa kwana biyu ne, rashin sana'a kuwa kullum sai ya tashe ka.

Fatawu ya yi kuskuren baki, amma abincinka yake karewa. Ƙananan rubutun nan don a kasa ganewa aka yi su, masu digiri ma suna faɗawa. Ka kira shi, kai ka karanta a fili, ku warware tare. Kada a yanka ragon suna uba da kaka ba sa kallon juna.

Allah ya ba mai jego lafiya, ya kai mu Talata.