Direban da Ya Hau Tudun Doguwa da Baya

Malam mai filin shawarwari, gaisuwa mai yawa. Ka taimake ni, don shekara talatin ke nan ana yi mini dariya a kan gaskiyata. Ni ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Malam Inuwa malamin gona ne ke rubuta mini wannan, na kuwa gaya masa kada ya gyara mini magana ko ɗaya.

Ni ne na fara tuƙa motar marigayi Alhaji Mainasara, mai sayen gyaɗa a nan Bebeji. Baƙar Fodi ce. Damina biyu kafin yunwar Mai Buhu muka ɗauko ta daga Kano, sabuwa fil, ni da shi. Ranar har masu tallar fura sai da suka ajiye ƙwarya suka bi mu. Ba ta da sandar giya. Abin takawa uku ne a ƙasa, girmansu ɗaya, wutar kuma da hannu ake ba ta a gindin sitiyari. Tankin fetur yana ƙarƙashin kujerata, in za a zuba mai sai na tashi an ɗaga kujera. A gaba ake murɗa mata ƙarfe ta tashi.

To ga inda tsiyar ta faro. Wani rani muka tafi awon kaya, muka wuce Tudun Wada, muka doshi Doguwa. Akwai wani hawa mai tsayi a hanyar. Muna kai tsakiya sai ta yi tari ta mutu. Sau uku tana yi. Sai na juya ta, na hau da baya, ta kuwa haye ko gardama babu, Alhaji yana ta salati. Mutanen ƙauye suka gani, labari ya riga mu isowa gida. Tun daga ranar sunana ya ɓace, sai Baya-Baya. Jikokina ma a makarantar allo jikokin Baya-Baya ake ce musu.

Bayan shekara biyu ƙarfen tayarwar nan ya dawo ya bugi hannuna, ya karya mini wuyan hannu. Aka kai ni ɗori garin Badafi, daga can na wuce haƙar kuza Riruwai, na yi shekara bakwai. Da na dawo na tarar Alhaji ya faɗaɗa gida, katanga ta zagaye rumfar motar, ta koma cikin ɗakunan mata. Tun daga nan babu namijin waje da ya sake ganinta. Na kuma tarar da wani wai shi Sabo yana yawo da hular direba.

Sabon nan, Malam, shi ne ciwon raina. Ya ce a shekarar fara, da ta cinye gonaki, Alhaji ya sayi mota, shi ya ɓare ta, yana sa mata giya da sanda, ya kuma hau tudun Doguwa da gaba yana cin goro. Ya ce ni jaki na saba kora, shi ya sa ban san gaban mota da bayanta ba. In na zo wucewa ta majalisa sai ya miƙe ya dinga tafiya da baya, manya da furfurarsu suna ƙyaƙyatawa. Ham ɗin roba na motar, abin da ake matsawa mutane su kauce, da na rataye a zaurena, wanda Alhaji ya ba ni da hannunsa, ya ce na keke ne.

Da na ci gaba da haɗiyewa, amma bara Alhaji ya rasu, ya bar wasiyya a ba da motar cikin gida ga wanda ya fara riƙe mata sitiyari. Bai ambaci suna ba, Allah ya jiƙansa, ya bar ni da aiki. Ɗansa Jibrin ba a haife shi ba a lokacin, tsararrakinmu da suka ga zuwanta kuma duk sun kwanta dama. Jibrin ya ce bayan an kai amfanin gona gida zai fasa katanga, kuma hankalinsa ya fi karkata ga Sabo, don Sabo ya iya baki.

Na aika matata Asabe ta shiga gidan Alhaji barkar haihuwa, na ce ta duba mini. Ta dawo ta ce abin takawa uku ne kai ɗaya, babu sanda, ƙafafun masu haƙarƙarin katako ne, da ta ɗaga ruɓaɓɓiyar kujerar kuma ta ga wani tanki mai tsatsa, kaza na kwanci a gefensa. Sabo ya ce me mace ta sani game da inji, sandar kuma yara ne suka cire.

Ba tuƙa ta zan yi ba, idona ya yi rauni, ita ma na san ta gama. Sunana nake so a wanke kafin a kai ni kushewa. Na tambayi dagaci, ya ce in yi haƙuri. Na tambayi direbobin tasha, suka ce a lokacin ba a haife su ba. Ku da kuke da littattafai, motar nan ta wace shekara ce, kuma me ta zo da shi? Wani ya amsa mini, ko sau ɗaya ne!

Tsohon Direba, Bebeji

Baba, na karɓi takardarka, na kuma kai ta wurin wani tsohon bakanike a Fagge wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce wannan mutumin ya tuƙa ta.

Fodi mai abin takawa uku kai ɗaya, marar sandar giya, an daina ƙera ta a 1927. Mai sanda ta biyo bayanta, ita kuma ƙafafunta na waya ne, tankinta yana gaban direba. A irin taka, mai tanki ƙarƙashin kujera yawanci ba ta wuce ƙirar 1925 ba, wannan kuwa ya yi daidai da lissafinka na damina biyu kafin Mai Buhu, yunwar 1927. Yara suna iya cire sanda, amma ba sa sa wa mota tanki a ƙarƙashin kujera. Ka gai da Asabe, ta duba abin da ya kamata a duba.

Batun hawa da baya kuma, man motar gangarowa yake yi da kansa zuwa inji. In hawa ya yi tsayi, mai kuma ya ja baya a tanki, inji yakan fi tankin tudu, sai ta mutu. Juyawar da ka yi ita ce maganin, haka gwanayen direbobi suke yi a ko'ina. Abin da ake zolayarka da shi, shi ne babbar shaidarka.

Amma abu biyu ba za su yi maka daɗi ba. Bakaniken ya ce ƙirar shekarun nan ba da ham na roba take fitowa ba, sai dai in daga baya aka ɗaura. Ka riƙe shi don kyautar Alhaji ce, kada ka kafa hujja da shi. Sannan ban ga alamar Sabo ƙarya yake yi gaba ɗaya ba. Ka yi shekara bakwai ba ka gari. Mai yiwuwa ne Alhaji ya sayi ta biyu mai sanda a shekarar fara, Sabo ya ɓare ta, daga baya aka rabu da ita. Kowa motarsa yake bayani, amma wasiyya a kan ta cikin gida take.

Ga abin yi. Kafin a taɓa katangar, ka roƙi Jibrin ya zaunar da ku gaban liman da dattawa biyu. Kowa ya faɗi inda ake zuba mai da yadda ake sa ta ta yi baya, Malam Inuwa ya rubuta, sannan a fasa. A jikin injin, ta hagu, akwai lamba da aka buga. A kankare tsatsar, a ɗora takarda a goga gawayi, ku aiko mini, zan nemo maka shekarar daidai.

In gaskiya ta fito, kada ka rama. Ka miƙa wa Sabo hannun nan da ya karye ku gaisa. Sunan kuma kada ka yar da shi, don a duk ƙasar nan kai kaɗai ka san dalilinsa tun shekara talatin. Allah ya ƙara lafiya, Baba Baya-Baya, ya sa ka ga motarka da idonka.