Bencunan Da Suka Sa Aka Yi Wa Yayana Kukan Mutuwa

Assalamu alaikum Hajiya Rahmatu,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a. In Juma'ar nan ta zo ta same mu a yadda muke, ban san gawar wa za a fara shigo min da ita ba, ta mijina ko ta yayana. Daga wani ƙauye nake rubuto miki a ƙasar Tofa. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanen ma na sauya musu sunaye, ko da yake duk ɗan yankinmu yana karantawa zai gane mu, tunda mun zama abin hira har a motar kasuwa.

Maigidana, Baban Khaulat, shi ne shugaban ƙungiyar 'yan gayya ta garinmu. Magidanta ne da samari, da damina su yi wa juna noma, yau gonar wannan gobe ta wancan. Duk Juma'a bayan la'asar kuma sai su zauna su sha shayi, su tsara gonar da za a shiga, a yi ta hira da tsokanar juna har a kira magariba. Tun kafin a kawo ni gidan nan wurin zamansu ɗaya ne, teburin shayin Yaya Nababa, wanda nake bi uwa ɗaya uba ɗaya, a gindin darbejiyar bayan masallaci. Shi ma ɗan ƙungiyar ne. A teburin nan ma maigidan ya fara ganina, ranar da aka aike ni kai wa Yaya itace.

To bara sai wani Khalilu ya buɗe rumfar shayi a bakin titi. Rufin kwano, ga sola, ga talabijin ana kallon ƙwallo, ga wurin cajin waya, ga indomi da ƙwai. Samarin ƙungiya suka fara guna-guni, wai a wurin Yaya in hadari ya taso sai kowa ya kwashi kofinsa ya ruga, wai dattawan masallaci kullum cikin yi musu faɗa suke a kan surutu. Ni ban ce ƙarya suka yi ba. Yaya ma akwai taurin kai, an sha ce masa ya kafa ko 'yar rumfar kara ce, sai ya ce wanda ya zo don shayi zai zauna.

Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda suka yi abin. Sun rasa ranar yanke shawara sai Juma'ar da Yaya ya tafi Kano tun da safe sayo madara da sukari, ya bar teburinsa a rufe. Suka taru a gindin bishiyar babu shi, aka ɗaga hannu, masu son bakin titi suka yi rinjaye. Maimakon su jira ya dawo su gaya masa baki da baki, sai suka ce a kwashe bencunan tun bai dawo ba, wai don kada a ji nauyinsa. Maza ke nan fa, Hajiya, masu gemu, suna tsoron haɗa ido da mai shayi.

Ban sani ba ko a birni haka ne, amma mu a nan ba a ɗaukar benci a ratsa gari da shi sai in an yi rasuwa za a kai ƙofar gidan makoki. Ko na biki ne, da shewa da yara ake ɗauka, kowa ya san na murna ne. Su kuwa sai ga su a jere, bencuna a kafaɗa, kunya ta sa kowa ya sunkuyar da kai, ba mai magana, ana gaishe su ma da ƙyar suke amsawa. Kuma hanyar titi ta ƙofar gidanmu na haihuwa ta bi. Matan da ke rijiya suka ga tukunyar Yaya babu wuta, suka tuna ya hau titi tun safe, suka ga abokansa sun nufi gidan da bencuna. Kafin ki ce kwabo gari ya ɗauka Nababa ya yi hatsari. Aka kira wayarsa a kashe, ashe caji ne ya ƙare.

Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji salati ta kan katanga. Ko takalmi ban tsaya sakawa ba. Na isa gidanmu na tarar da Furera matar Yaya tana birgima a ƙasa, Innarmu kuwa da ta ji, ta fito a guje, tsohuwa, ƙafarta ta harɗe a dokin ƙofa ta faɗi a kan turmi. Ƙugunta ya goce. Muna kanta muna kuka biyu, sai ga Yaya a bayan babur rungume da katan ɗin madara. Wallahi wasu matan gudu suka yi da suka gan shi.

Da aka warware masa abin da ya faru, sai ya kalli Inna a kwance tana nishi, ya ajiye katan, ya zari ƙotar fartanya a zaure. Ƙanenmu Abdulrashid da 'ya'yan baffanmu suka rufa masa baya. Na riƙe masa riga ya fincike har na faɗi. Su kuwa can suna zaune sun jera bencuna a rumfar Khalilu, an fara zuba shayi, ba su ma san me suka bari a baya ba.

Ban je wurin ba, amma na ga abin da ya fito daga wurin. Yaya da isarsa tukunyar ruwan zafi ya fara hankaɗawa, ta kife a kan Mati, bawan Allah da bai ma ɗaga hannu ba lokacin shawarar, fatar cinyarsa ta saɓule. Aka fasa talabijin, aka kacame da duka, wanda ya samu itace ya ɗauka, wanda ya samu kwalba ya fasa. Yaya ya rotsa wa maigidana kai. Shi kuma maigidan ya ɓalle ƙafar benci ya sauke wa Abdulrashid a hannu, ƙashi ya karye har ya huda fata. Yaron nan ni na goya shi. Da maigidan ya shigo gida jini ya rufe masa ido, ni na dafa ruwa na wanke masa, ina wankewa ina kallon jinin da ke gaban rigarsa, na san ba duka ne nasa ba. Na rasa wanda zan tsine wa.

Mai unguwa ya tara su washegari ya yi musu faɗa, suka ba juna hannu, kowa ya ce ya wuce. Ƙarya suke, wallahi ƙarya suke. A satin nan an shiga gonar Yaya an sassare masa dawa tana tsaka da fitar da kai. An tsinke wa Khalilu wayoyin sola. Maigidan ya ce in na taka gidanmu ban da izininsa, alhali uwata tana kwance ko juyi sai an juya ta. Yaya kuma ya aiko min cewa in zauna wurin waɗanda suka kashe shi da ransa. Ni me na yi? Ni na ɗauki benci?

Abin da ya sa na kasa cin abinci shi ne wannan. Shekaranjiya na je ɗebo wa awaki harawa, hannuna ya taɓo ƙarfe. Adda ce sabuwar wasawa, an naɗe ta a buhu, tare da wasu gorori masu kan ƙarfe. Maigidan ya rantse zaman Juma'ar nan a rumfar Khalilu za a yi, a kan bencunan, kowa ya zo da shirinsa. A injin niƙa kuma Furera ta ja ni gefe tana hawaye, ta ce Yaya ya gayyato abokansa 'yan tauri daga ƙauyen gaba, ya ce ko ya dawo da bencunan ko ya ƙone su da wanda ke kai. Shi yana cewa ai shi ya yi shekaru yana gyara su yana shigar da su daga ruwa, su suna cewa katakon na ƙungiya ne. Katako fa, Hajiya! Katakon da gara ta ci rabinsa.

Duk garin nan ni kaɗai na san shirin ɓangarorin biyu. In na faɗa, maigidan zai ce na tona masa asiri na zaɓi 'yan'uwana, kuma na san zuciyarsa, zai iya cewa in tafi gida. Ga Khaulat ko yaye ta ban yi ba. In na yi shiru kuma, ban san da wane ido zan kalli Inna ba. Na yi tunanin in jefa addar a tsohuwar rijiya, amma ai maƙeri bai mutu ba. Ki gaya min abin da zan yi, kaina ya kulle.

Taki,
Ƙanwar Mai Shayi

Wa alaikumus salam, 'yata,

Na tsallake wasiƙun da suka riga taki saboda taki ba ta jira, kuma na tura amsar nan ta lambar da kika rubuto da ita tun kafin ta fito a shafi. Allah ya ba Inna lafiya, ya ba Mati da Abdulrashid sauƙi.

Bari in fara da abin da kika fi tsoro. Faɗar abin da kika gani ba tonon asiri ba ne. Asirin miji da ake rufewa shi ne talaucinsa da rauninsa da abin da ke tsakaninku, ban da adda a cikin harawa. Matar da ta hana mijinta kashe mutum ta cece shi daga kurkuku da kuma tsayuwa gaban Allah da jini a hannu. Zai yi fushi, ba zan ɓoye miki ba, wataƙila ma ya yi mai tsanani. Amma fushi yana hucewa, kuma auren da kike gudun ya mutu ba zai rayu ba in mijinki ya sari yayanki.

Sai dai akwai yadda ake faɗa. Kada ki tunkare shi ke kaɗai, kada ki taɓa makaman, kada kuma ki kai maganar bakin rijiya. Yau ɗin nan ki samu mahaifinsa, ko wanda yake jin nauyi a gidansu, ki gaya masa komai. Ki sa Furera ta yi haka wurin baffanku. Ku faɗi na ɓangarorin biyu a rana ɗaya, don kada wani ya ce an sayar da shi. Dattawan su ɗauki liman su koma wurin mai unguwa, su gaya masa sulhun da ya yi na baki ne. A karɓe makaman, a aika wa mutanen ƙauyen gaba ta hannun nasu mai unguwar cewa su zauna a gida, a kuma dakatar da zaman Juma'ar nan gaba ɗaya. In Alhamis ta yi ba ki ga motsi ba, a kai wa dagaci da 'yan sanda, kuma kada kunya ta hana.

Yanzu ga gaskiyar kowa. Ƙungiya tana da ikon zaɓar inda za ta zauna, son rufi da wuta ba laifi ba ne, Khalilu ma nemansa yake. Amma yanke shawara a bayan idon mutumin da ya yi shekaru yana hura muku wuta, wannan rashin kyautawa ne, kuma maigidanki a matsayinsa na shugaba shi ya fi kowa alhakinsa. Ba su yi nufin tsorata kowa ba, na yarda, amma 'yan garin ne, sun san abin da benci a kafaɗa yake nufi. Shi kuma Nababa, duk ɗan da ya ga uwarsa a ƙasa zuciyarsa za ta tafasa, ban ga laifinsa a nan ba. Laifinsa ya fara ne daga inda ya ɗauki ƙota. Mati bai ture Inna ba. Dole ya je ya duba shi, ya nemi gafararsa, ya sa hannu a jinyarsa, kamar yadda ya wajaba maigidanki ya tsaya a kan hannun Abdulrashid. Su ukun a kai su asibiti. Ƙugun tsohuwa, da ƙuna, da karayar da ta huda fata sun wuce a tsaya ga ɗori a gida.

Batun hana ki duba mahaifiyarki kuwa, ki bar surukinki ya yi masa magana. Ba na jin akwai dattijon da zai goyi bayan wannan.

Na lura da abu ɗaya a wasiƙarki. An ba juna hannu a gaban mai unguwa, amma ba ki ce ko mutum ɗaya daga masu ɗaukar bencunan ya je ya durƙusa a gaban Inna ba. Ina ganin nan ne ciwon Nababa yake, ba a katako ba. Don haka ki ba dattawa wannan shawarar. Mutanen da suka ɗauki bencunan su sake ɗaukarsu, da rana kowa yana gani, bayan an sanar a masallaci don kada a sake firgita gari, maigidanki a gaba. Su ajiye su a ƙofar gidanku na haihuwa, su shiga su duba tsohuwa, su ba ta haƙuri, su ba ɗanta. Bayan ta samu sauƙi sai a sake zama da Nababa a wurin, a tattauna inda za a riƙa haɗuwa. Ko su raba makonni tsakanin masu shayin biyu, ko su yi masa gayya su kafa masa rumfa, tunda aikinsu ke nan. Wannan su ya shafa, kuma mai sauƙi ne in zukata sun sauka.

Idan maigidanki ya ce girmansa zai zube in ya ɗauki benci zuwa gidan surukai, a gaya masa wannan daga bakina. Bencunan nan za su je ƙofar gida ko ya so ko bai so ba. Ko dai ya kai su da ƙafarsa kafin Juma'a don ban haƙuri, ko kuma wasu su ɗauke su ranar Asabar zuwa ƙofarsa ko ta Nababa, kuma a wannan karon matan bakin rijiya ba za su yi kuskure ba.

Tashi ki sa mayafinki, 'yata, ki tafi wurin surukinki yanzu. Allah ya sanyaya zukatansu, ya tashi kafaɗun Inna, ya bar miki mijinki da yayanki, ya raya Khaulat a tsakaninsu.

Hajiya Rahmatu