Kwakwar Haske Ta Tsiro a Filingue

Ɗandije, ta tsiro! Kwakwar ta tsiro, jiya da hantsi, a nan bayan rijiyarmu! Ka gafarce ni, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum, ƙanena. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya a Arlit, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan sai godiya, gero ya fara fidda kai.

Bari in faro maka daga tushe. Ka san ɗana Tahiru ya shekara goma sha biyu yana gadin wani gidan hutu a Aneho, ɗan gari a bakin teku can Togo. To, mai gidan ya tsufa, ya sa shi kasuwa, sai Tahiru ya kwaso iyalinsa ya dawo. Ya zo mini da takardar tallar gidan, na zauna na karance ta da ɗan faransancin da na samu a makarantar manya ta yamma. Ɗaki huɗu, kowace taga tana kallon ruwa, amma na duba gaba da baya ban ga rumbu ba, ban ga turken akuya ba. Tahiru ya ce wata biyu kaɗai ake kwana ciki a shekara, sauran watanni shi da iska ne. Kai da ka yi yawon duniya, gaya mini, wane irin mutum ke sayen gida don ya je ya kalli ruwan da ba a sha, ba a ba gero?

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jikata Haske, mai shekara bakwai. A gidan nan aka haife ta, a gindin wata bishiyar kwakwa aka binne cibiyarta, ga shi za a sayar wa baƙo. Da ta zo ta ƙi tuwo, ta ce garinmu ya cika shiru, kullum tana kara wani ƙoƙon dodon koɗi a kunne wai tana jin teku. Na kara ni ma, kuma wallahi akwai ƙugi a ciki, har yau ban gane ta inda yake shiga ba. Na ce mata amarya ba ta gudun gidan mijinta, ta ce ba ta son miji mai haƙori uku. 'Yan uwan uwarta na can Aneho suka aiko a mayar musu da ita, Tahiru kuwa ya ce in damina ta wuce ba ta saba ba, zai kai ta.

Ashe ya taho da kwakwa guda ta bishiyar nan, da yashin gindinta a ƙulle cikin tsumma. Maƙwabcina Baushe, wanda bai bar al'adar kakanni ba, ya ce a zuba yashin a rami a ɗora kwakwar. Matata Kyauta ta yi dariya, ta ce ko goruba ma da ƙyar take yarda da mu. Haske ta ce in ta tsiro za ta zauna, don ba wanda ya iya kula da ita sai ita. Wata uku ina jan guga safe da yamma, ina duba ramin kamar mai jiran haihuwa.

Jiya sai ga tsinin kore, tsawon ɗan yatsa. Haske ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ta cinye tuwo kwano guda, ta kuma gargaɗe ni kada in taɓa ba izininta. Shin shekara nawa kwakwa take yi kafin ta haihu? Ka tambaya mini.

Ka gaida Mero, da Kailu, da Ibrah da yaransa. In an yi girbi ku shigo mota gaba ɗayanku, ku zo ku gani da idonku. Amma sai kun nemi izini wurin Haske.

Naka, wanka Maidoki, Filingue.