Wutar Farko a Dalkarra

Dalkarra, ƙarshen Afrilu

Taubashina Winston,

Ga gaisuwar da ba ka cancanta ba, tunda tun ranar da muka binne Baba ba mu sake jin ɗuriyarka ba. Ina fata jiki da sauƙi, kuma injin wankin ƙodar nan bai wanke har da tunaninmu ba. Goggo Mabel, ƙanwar Baba, ta ce in tambaye ka ko matan Darwin sun iya gasa kififiya ne da ka manne musu haka. Malamar asibiti na ba takardar nan, don wayarka kullum a kashe take.

Ba zolaya ce ta sa na rubuto ba. Damina biyu ke nan ƙasar Baba tana rufe, ba mai shiga, ba mai ƙyasta ko ashana, yadda ake yi in mai ƙasa ya rasu. Mun yi biyayya. Amma gamba ba ruwanta da makoki. Ciyawar nan da aka kwaso mana daga Afirka wai don shanu su ƙoshi ta tsallako daga makiyayar yamma, ta zagaye kurmin idon ruwa inda Baba yake kwance. Jiya na hau rufin mota a bakin iyaka na hango ta, ta ninka tsawon mutum. Ni da abokan aikina masu gadin daji mun fesa wa ta bakin titi magani, ta ciki kuwa sai kallo.

Ka san sauran. In aka yi toyin ciyawa yanzu da damina ta wuce raɓa ke sauka, wuta za ta yi rarrafe ta mutu da kanta da yamma. In aka bari sai zafin Oktoba, za ta hau kan itatuwa ta cinye kurmin har kabarin. Ƙasar ubana ce, amma ba ni da ikon buɗe ta. Kai ne ɗan 'yar'uwarsa, daga hannunka wutar farko take fitowa, kuma sawunka ne zai fara taka tokar. Ka zo kafin raɓa ta ɗauke.

Taka mai jira,
Loretta

Darwin, Mayu

Zuwa ga ƙanwata Loretta, 'yar kawuna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ki da Inna Mabel da duk mutanen Dalkarra, ina sanar da ke takardarki ta iso ni. Ki gaya wa Inna abin da ake gasa mana a nan burodi ne, shi ma ba gishiri.

Maganarki gaskiya ce. Muna yara nakan bi Kawu yana tafe da bakin wuta na ɓawon itace, ya taɓa nan ya bar can, shirwa na shawagi a kanmu. Daga baya aka hana toyi, aka ce ɓarna ne, aka tattara mutane zuwa garuruwa. Daji ya rasa masu taka shi, ciyawa ta taru shekara bisa shekara, ga zafi yana ƙara tsawo. Hukumomi kuma suna ta mamakin inda manyan gobara ke fitowa.

Duk da haka bana ba zan samu zuwa ba. Injin nan ba ya ba da hutu. Ki roƙi ofishin gandun daji su sa katafila ta share hanya kewaye da kurmin, a jira baɗi.

Allah ya tsare ku.
Yayanki,
Winston

Dalkarra, ƙarshen Mayu

Winston,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake.

Katafila? Ƙasar da ko ƙafar mutum ba ta shiga, ita ce katafila za ta shiga? Kai da ka fi kowa sanin doka, ni za ka yi wa wannan wayon?

Jiya an yi taro a gindin mangwaro. Graham, shugaban ofishin gandun dajin da ƙasar Baba take ciki, ya zo da kansa, ya zauna a ƙasa ya sha shayinmu. Mutumin kirki ne, amma a tsorace yake. Ya ce, "Gandun nan ni da ku muke riƙe shi, na sani. Amma in ya kama a Oktoba ba a nan zai tsaya ba, akwai gidajen mutane a kudu. In Yuni ya ƙare ba ku yi toyi ba, dole in aiko helikwafta ta zuba wuta daga sama."

Goggo Mabel ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Shi jirgin naka ɗan wa ne? Uwarsa 'yar wane gida ce da zai buɗe ƙasar yayana?"

Aka kwashe da dariya har da Graham, amma ita ko murmushi. Ta ce ranar da jirgin zai tashi, a inda yake sauka za ta shimfiɗa tabarmarta. Sauran tsofaffin suka ce in wutar baƙo ta taɓa ƙasar da ke rufe, su sun fita daga yarjejeniyar riƙon gandun, wadda Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema mana. Ka ga inda nake: in jirgi ya tashi yarjejeniya ta mutu, in bai tashi ba kurmi ya ƙone.

Kuma ka daina fakewa da inji. Malamar asibiti ta ce wanda aka wanke ran Juma'a da safe ba a nemansa sai Litinin. Tsoho Barnabas da kuke ɗaki ɗaya ya zo gida kallon ƙwallo ya koma lafiya lau. To mene ne? Laifi muka yi maka? Faɗa min ko da zagi ne, ya fi min wannan shirun.

Loretta

Darwin, farkon Yuni

Ƙanwata Loretta,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Ba ku yi min komai ba.

Bayan Kirsimeti wani ɗan miki ya fito min a yatsa. Kin san ciwon suga. Kafin damina ta ƙare, tun Afrilu bai shigo ba, sun yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Ni na roƙi malamar asibiti da Barnabas su rufa min asiri, kada ki ga laifinsu.

Yanzu a keken guragu nake. Wanda zai buɗe ƙasa da ƙafa yake shiga, ya kira mamacin ya sanar da shi, ya kunna, ya bi bayan wutar yana taka toka don ƙasar ta gane sawunsa. Ni da na bi Kawu tun daga idon ruwa har duwatsun gabas ban zauna ba, yaya zan je gabansa ana tura ni kamar kayan kanti? Kunya nake ji, Loretta, kuma tsoro nake kada in je in ɓata abin, ya zama ƙasar ba ta buɗu ba ni kuma na ja muku wani abu.

Kullum kurmin nan yana raina. In ana wanke ni na rufe ido, ƙarar ruwansa nake ji. Ki karanta wa Inna takardar nan, ni ba zan iya gaya mata ba. Abin da tsofaffi suka yanke na yarda, ko da jirgin ne.

Naki,
Winston

Dalkarra, Yuni

Taubashina,

Ina gaishe ka, ya jiki? Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, sannan na ji kamar in zo har Darwin in ja maka kunne. Wata da watanni kana fama kai kaɗai, sai ka ce ba ka da dangi.

Na karanta wa Goggo tana cuɗa fulawar burodin nan da muke gasawa a toka. Ta ci gaba da cuɗa fulawarta. Can ta ce, "Ƙafa nawa suka yanke?"

Na ce, "Ɗaya."

Ta ce, "To ɗayar fa, ajiya aka ba shi?"

Na ce, "Goggo, yana tsoron kada dokar ta ɓaci."

Ta ce, "Wa ya koya masa dokar, ba mu ba? Sawu aka ce, ba a ce sawu biyu ba. Ƙasar da ta san shi tun yana yawo ba wando, ita ce za ta kasa gane shi don ya ragu kaɗan? Ki ce masa uwarsa a nan ta haife shi, ya zo ya yi aikinsa." Sai da ta gama faɗan ta juya baya ta share ido da gefen riga.

Ga yadda za a yi. Juma'a mai zuwa kana sauka daga inji motarmu tana ƙofar asibiti, ni ce direba. Asabar da la'asar, in iska ta kwanta, za mu shiga. Mun ɗaura sanduna biyu a jikin kujerar coci, maza huɗu za su ɗauke ka, in an zo wurin taka toka ka dafa kafaɗata. Graham ya ce jirginsa ba zai motsa ba, har ya nemi a ba shi bakin sanda ɗaya ya riƙe. Goggo ta ce a ba shi na baya, inda nauyi yake.

Kada ka rubuto amsa, babu lokaci. Ka dai sa takalminka, tunda yanzu ba ka da wahalar neman ɗan'uwansa.

Taka,
Loretta

Dalkarra, Oktoba

Yaya Winston,

Gaisuwa daga mutanen da har yanzu ke warin hayaƙi.

Gobarar ta zo. Daga makiyayar yamma ta taso da tsakar rana, ga iska mai zafi a bayanta. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar jerin manyan motoci. Tsofaffin itatuwan bakin titi sun tafi, ba ɗaya da ya tsira, kuma abin ya yi min ciwo.

Muna tsaye da tankin ruwa a kan baƙin filin da ka ƙona a Yuni, wanda muka yi ta faɗaɗawa bayan tafiyarka. Ka tuna yadda ka kira Baba, da yadda wutarka ta yi ta rarrafe har Goggo ta ce ta gaji halin mai kunna ta? To wannan babbar da ta iso bakin filin ta rasa abin ci. Ta yi ta lasar gefe, ta jefo tartsatsi muna kashewa, kafin faɗuwar rana ta kwanta. Gidajen kudu ko hayaƙin kirki bai kai musu ba.

Da safe na shiga kurmin. Kore shar, ruwa na gudu, kangaru sun cika shi maƙil suna fakewa. Na zauna wajen Baba na gaya masa kai ne. Gamba ba ta ƙare ba, aikin shekaru ne, amma yanzu muna iya shiga mu yaƙe ta.

Ƙanwarka,
Loretta

Darwin, Oktoba

Ƙanwata,

Na gode, a gaishe min da Inna. A ɗakin wankin ƙoda na karanta takardarki da ƙarfi, kowa na kwance a jikin injinsa.

Akwai wani tsoho a gadon kusa da ni, Ambrose, mutumin ƙetaren kogi. Ƙasar kawunsa ta daɗe a rufe, shi kaɗai ya rage da zai buɗe ta. Da na gama sai ya ce in tambaye ki ko kujerar nan tana nan.

Na ce masa tana nan. Ku ƙara sanda, shi ƙafafunsa biyu ne, ya fi ni nauyi.

Yayanki,
Winston